Sautun Gwaggo Ramatu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Mariyama, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina miki barka da hanya. Ina fata kun ƙetare Tenere lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, yashi bai riƙe ku ba, kin iske Fachi da mutanenta cikin alheri. Allah ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa, ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya sa duk macen da za ta haihu a hannunki ta tashi lafiya, ita da abin da ta haifa. Amin.

Labarin gida ba za ki same shi a nan ba. Innarki ta cika miki salula, wayar hannunki, da shi, ranar da rezo ya kama, waya ta samu layi, za ki saurara har kunnenki ya yi zafi. Ni magana guda ce ta zaunar da ni da bik da takarda. Na so in faɗa miki ran Alhamis da kika tashi, to ina! Mata sun kewaye ki a tasha, wannan na kuka, wannan na cewa ki zo mata da abu kaza, ke kuma kina ta dannawa a salula kina "to, to, na rubuta". Na tsaya a gefe kamar wanda ya zo rakiyar ɗiyar wani. Shi ya sa na rubuto, zan ba direban da zai biyo bayanku ran Litinin.

Maganar ƙaramin buhun nan ce, mai baki ɗaure da jan ƙyalle, wanda Gwaggo Ramatu ƙanwar mahaifina ta kawo da kanta tana dogara sanda. Na ga yadda kika karɓe shi kina dariya, kina cewa, "Gwaggo, gero kuma? Har Fachi?" Kika miƙa aka jefa shi saman kaya. Wallahi, Uwata, buhun nan ba na jefawa ba ne. Shekara ashirin da bakwai ke nan Gwaggo ba ta ba kowa sautu a gidanmu ba, ko na allura. Ni na jawo. Yanzu kuma a hannunki yake, ko ta sake ba mu ko kada ta sake har abada, don kin dai ga shekarunta.

Ku ƴan lakwal, ƴan boko, kome komisiyo kuke ce masa da Faransanci, kun haɗa abu uku a kalma guda. To ki zauna in raba miki su, don ni direba na yi shekara talatin ina ɗauke da ukun a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Akwai saƙo: an ba ka abu, ka kai, ka miƙa, ka juya. Akwai tsaraba: abin da ka ga dama ka kawo daga tafiya, ba wanda ya sa ka, ko alawa ce an gode. Sannan akwai sautu. Shi sautu, mutum ne ba zai iya zuwa wurin ba, sai ya ba ka abin hannunsa ya ce ka samo masa abu kaza a wurin wane. Ƙafarka ya ara, da idonka, da bakinka. Bai ari ra'ayinka ba. Ki riƙe wannan da kyau, don a nan ubanki ya faɗi.

Sautun farko ba abin alfahari ba ne. Kowa ana ba shi. In dai kin ɗaura kaya kin nufi gabas, ko ba a san sunanki ba za a tare ki a bakin tasha a ce don Allah. Wanda ake kallo shi ne na biyu. In an ce "an sake wa wane sautu", to an gama yabonsa ke nan, ba sai an ƙara da kome ba. Kuma mutanen garin ga, kin san su, ba su iya cewa ka kyauta ba. Tsohuwa za ta buɗe kayan, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ɓata fuska kamar an cuce ta, sai kana shirin fita ta ce, "Yaushe za ka koma?" Shi ke nan, ka ci. In kuwa ta yi ta sa maka albarka, Allah ya yi maka kaza, Allah ya ba ka kaza, har ta raka ka ƙofa ba ta tambayi ranar komawa ba, to ka shiga uku, sai ka je gida ka zauna ka binciki abin da ka yi.

Kuskurena na farko ƙarami ne, dariya ma ake yi mini da shi. Shekarar da aka fara ba ni mota ni kaɗai, hanyar Fachi da Bilma, kaina ya kumbura. Duk wanda ya ce "Alhusseini, don Allah", sai in ce "an gama". Ban iya cewa a'a ba, ina ganin kamar raini ne a ce direba guda ya kasa. Na karɓi sautun mutum wajen ashirin, ban rubuta ba, wai ni mai ƙwaƙwalwa. Cikinsu har da wata mai tuwo a bakin tasha, ta ce gishiri take so. Na ce an gama. Ban tambaye ta wane iri ba. Na dawo na sauke mata kantu biyu manya, irin wanda ake ba dabbobi su lasa, ina haki ina jiran godiya. Ta dubi kantu, ta dube ni, ta ce, "Alhusseini, ni akuya ce?" Beza take so, farin na miya. Duk tasha aka kwashe da dariya. Wata shida direbobi na yi mini kukan akuya in na wuce.

To ke ma na ga alamar ciwon nan a jikinki ran Alhamis, gado ne. Kada ki karɓi abin da ba za ki iya ɗauka ba. A'a a bakin tasha ba ta da zafi, minti biyu an manta. Wadda ke da zafi ita ce ta bayan wata uku, mutum ya zo da murna ki ce kin manta. In kuma kin karɓa, ki tambaya har mai shi ya gaji da ke: wane iri, na wane gida, busasshe ko ɗanye. Gara a ce kin cika tambaya.

Yanzu ga babbar.

Mijin Gwaggo, Allah ya jiƙansa, ɗan ayari ne. Kowace kaka yana bin raƙuma zuwa Fachi, kuma yana da mai masauki guda can, Babarbare, gidan da ubansa ma yake sauka. Matar mai masaukin ita ce Ya Falmata. Tun suna amare, Gwaggo kan ɗaura gero mai kyau wanda ta tsince da hannunta, ta ba mijinta ya kai wa Falmata, ita kuma Falmata ta aiko da dabinon wata bishiya guda da ke lambunsu. Ƙananan dabino ne, busassu, masu tauri, in kika gan su a kasuwa ba za ki tsaya ba. Amma su Gwaggo ke dakawa da gero da cuku, kuma kin sha furar nan kin san ba irinta. Matan nan biyu ba su taɓa ganin juna ba, ko sau ɗaya. Ba wasiƙa, ba hoto, ba salula a lokacin. Gero ya tafi, dabino ya dawo, kowace ta san ƴar'uwarta na nan da rai. Haihuwa, aure, rasuwa, duk a bakin mai ɗauke da buhu suke jin na juna.

Da mijin ya rasu, Gwaggo ta duba cikin dangi ta ga ni ke bin hanyar. Ta kira ni ta ce, "Ɗan yayana, ga geron Falmata. Ka kai gidanta, ka sa a hannunta, ka karɓo abin da za ta ba ka." Na kai. Shekara ta zagayo ta sake mini. Ta uku ma ta sake. Kai, lokacin ko gwamna bai kai ni jin kai ba. Gwaggo Ramatu, wadda ko limamin unguwa sai ya gyara rawani kafin ya shiga zaurenta, ita ce ke sake wa Alhusseini sautu!

Shekara ta huɗu muka isa Fachi da hantsi, a gajiye, mun kwana biyu muna tonon taya cikin yashi. Na iske abokaina direbobi sun shimfiɗa tabarma a inuwar mota, shayi na kan wuta. Gidan Falmata bai fi tafiyar da za ki yi daga gidanmu zuwa babban masallaci ba. Na ce bari in sha na farko. Na sha na farko, na ce ai ba a tashi a bar na biyu. Aka zuba na uku, hira ta yi daɗi, wani na ba da labarin yadda ya ɓata a hanyar Sigidin. Kafin in farga la'asar ta yi, patoro mai motar na buga ƙofa yana cewa a tashi. Na dubi buhun gero a bayan kujera na ce, ba kome, in mun dawo na kai.

Ba mu dawo ta nan ba. A Bilma aka ba mu kayan da suka sa dole mu bi ta Dirku, mu ɗauki ɗaya hanyar zuwa Agadas. Ga ni da geron Gwaggo, ga Fachi ta koma bayan duniya.

Uwata, ranar da kika sauka, ranar ake sauke sautu. Kafin wanka, kafin shayi, kafin ki nemi inda rezo yake. Wannan "in na dawo" ɗin, ni na san shi, mun yi zama da shi, ba shi da kirki ko kaɗan. Ina fata takardar ga ta iske kin riga kin kai. In ba ki kai ba, ki ajiye ta nan, ki je, kya ƙarasa karatu in kin dawo.

Da na tsaya a nan na dawo wa Gwaggo da geronta na ce na yi laifi, da faɗan kwana biyu ne. Amma sai wayo ya zo mini. A Dirku na sami wani mai dabinon arewa, manya, masu laushi, suna sheƙi, irin wanda ake kai wa manyan mutane. Na ba shi geron, na ƙara masa da nawa, ya cika mini kwali. Ina tuƙi ina yaba wa kaina. Na ce tsohuwa ta saba da tsakuwa, yau za ta ci dabinon gaske, ai har gata na yi mata.

Na shiga gidanta da marece na dire kwali. Tana zaune bakin turmi. Ta buɗe, ta ɗauki guda, ta matsa shi da yatsa biyu, ya lotse. Ba ta ko kai baki ba.

Ta ce, "Falmata ce ta ba ka wannan?"

Na ce, "I, Gwaggo. Bana bishiyar ta yi kyau."

Kin ji ubanki. Bishiyar da ta shekara arba'in tana haifar tsakuwa, wai bana ta yi kyau.

Ta ce, "Tana lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, tana gaishe ki."

"Ƙafar tata fa?"

Ban san kome game da ƙafa ba. Na ce, "Da sauƙi sosai."

Ta mayar da dabinon cikin kwali. Sannan ta fara: Allah ya yi maka albarka, Allah ya tsare hanya, Allah ya ba ka masu yi maka. Ta raka ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Na fita ina murna, ban ma lura ba ta tambayi ranar komawa ba.

Ki ji ni da kyau. In an sa ki ki kawo tsakuwa, ki kawo tsakuwa. Mai sautu ya san abin da yake so da dalilinsa, ko bai faɗa miki ba. Dabinon nan nawa mai tsada ko dakuwa ba ya yi, manne wa turmi yake, da sati biyu ya fara tsami, innarki ta ce awakin maƙwabta ne suka ƙarasa shi. In kina son ki burge mutum, ki kawo nasa daidai, sannan ki ɗora tsarabarki a gefe, ki ce wannan nawa ne. In kuma kin kasa, ki dawo da abin mutum ki ce na kasa. Ƙarya a kan sautu ba ta kwana da yawa, don hanyar nan kowa ya san kowa.

Tawa wata biyu ta yi. Ayarin kaka ya dawo, ran nan da safe ina gidan Gwaggo na je gyara mata ƙyauren ɗaki, sai ga sallama a zaure. Wani dattijo Ba'abzine ne, madugu, sunansa Agali, rawani har ido, da jaka a kafaɗa. Na shimfiɗa masa tabarma. Gwaggo ta leƙo ta gaishe shi, shi bai san ta ba, ya ɗauka wata ce cikin matan gida. Ya sunkuyar da kai ya ce daga Fachi yake, Ya Falmata ce ta aiko shi ta'aziyya. Ya ɗaga hannu ya fara addu'a: Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, Allah ya ba ku haƙuri. Mu ma muka ɗaga hannu muna amin, har Gwaggo.

Da aka shafa, Gwaggo ta ce, "Malam, wa ya rasu?"

Ya ce, "Ramatu, matar marigayi."

Ta ce, "To ai ni ce Ramatun."

Uwata, ban taɓa ganin mutum mai rawani ya ja da baya a zaune ba sai ran nan. Ya yi salati ya fi sau uku. Da ya sami bakinsa ya yi bayani. Ashe Falmata ta ga motata a Fachi ran nan, duk garin an san motar ɗan yayan Ramatu ce. Ta share tsakar gida, ta ɗaure dabinonta, ta zauna jira. Mota ta tashi ban zo ba. Ta ce yaron da ya shekara uku yana zuwa gidan nan da fara'a, ba abin da zai hana shi shigowa sai labarin da bakinsa ba zai iya faɗa ba. Ramatu ta mutu ke nan. Ta tara mata aka yi addu'a, ta ba Agali dabinon bana ta ce a kai Agadas a yi sadaka da shi.

Gwaggo ta buɗe jakar, ga ƴan tsakuwoyinta nan. Ta ɗauki guda ta jefa a baki, ta ce, "To, bari in fara cin sadakata tun da raina." Ta juyo ta dube ni. Ni kuwa ina riƙe da guduma, na ce bari in je in nemo ƙusa. Ban koma gidan ba sai bayan sati uku. Ƙyauren nan wani ne ya ƙarasa shi.

Tun daga shekarar Agali ya zama mai kai gero. Ni kuma na shiga kuskure na uku, wanda ya fi kowanne daɗewa. Maimakon in je in durƙusa in ce Gwaggo na yi ƙarya, sai na ce tsaraba za ta gyara. Lokacin na koma hanyar arewa, ta Sigidin. Duk tafiya sai na zo mata da abu: bargo mai damisa, darduma, fitila, butar shayi, har agogon bango mai kiran salla, wanda ke kiran sallar asuba da tsakar rana don ba wanda ya iya saita shi. Ta karɓa, ta sa mini albarka mai tsawo, ta raka ni zaure. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. In ina zaune a gidanta gishiri ya ƙare, sai ta tsallake ni ta kira wani daga waje. Kina ƙarama kina ganin Gwaggo na ji da ni, kina cewa, "Baba, kai kaɗai take rakawa ƙofa." To yau kin san dalili. Abin yana ci mini rai, wallahi yana ci, ko da ina dariya.

Tsaraba ba ta biyan sautu, Uwata. Na gwada shekara ashirin da bakwai, kada ki ɓata lokacinki. In kin yi wa mutum laifi a aikinki can, ko mai jego ce, ko uwar mijinta, ki je da bakinki tun abin na da ɗumi. Aikin naki ma haka yake. Haihuwar fari dole ce za ta kawo mace gidan likita. Ki jira ki ga ko za ta dawo wurinki a ta biyu.

Yanzu Agali ido ya tafi, ɗiyansa duk sun bar raƙuma sun tafi neman zinariya Jado. Bara gero bai je ba sai da ƙyar, ta hannun wani baƙo. Sai ga ki an tura ki Fachi. Ban sani ba ko yarda ce ta kawo Gwaggo tasha ko rashin wani, ban kuma damu ba. Ta dai zo.

Ga yadda za ki yi. Ki tambayi gidan Ya Falmata, kowa ya san shi. Kada ki aika, ki je da ƙafarki, ki ɗauki buhun da kanki, kada ki kwance jan ƙyallen. Ki cire takalmi, ki durƙusa, ki sa a hannunta. Tana jin Hausa, amma ki koyi gaisuwar Barebari ko kalma biyu ce kafin ki je, za ta ji daɗi. Kada ki yi sauri, ba allura kika je yi ba. Za ta tambaye ki Gwaggo tun daga haƙori har ƙafa, ki faɗi gaskiya: sanda, da kunnen hagu da ya yi nauyi, da bakin da bai rage kome ba. Ke ma ki dube ta da kyau, don in kin zo bakansi, hutun shekara, za a yi miki tambayoyin da ko a jarrabawa ba a yi miki ba. Abin da ta ba ki, ki ajiye shi dabam, kada ki haɗa da na kowa, kada ki ce bari ki ƙara da mai kyau. In kwaɗayi ya kama ki, ki sayi naki.

Saura abu guda, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Jiya Juma'a bayan an sauko masallaci na wuce gidan Gwaggo. Na ce ɗiyata ta ɗauki buhu, ni ma bari in sauke nawa. Na iske ta a tabarma tana tsintar wake. Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na ce, "Gwaggo, waccan shekarar ban je gidan Falmata ba. Shayi na zauna sha. Dabinon nan a Dirku na samo shi. Na yi miki ƙarya, ki yafe mini."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Sannu da zuwa. Ta Dirku ka biyo ne, ka daɗe haka?"

Na yi dariya, hawaye na zubo mini, tsoho da ni.

Ta ce, "Ni me ka yi mini? Tun da na matsa dabinon na sani. Kuma na ci riba, na ji addu'ar da za a yi mini, na ga ta yi kyau. Abin da nake jira ka faɗa da bakinka ne kawai, ka tsaya kana jibga mini barguna kamar mai sanyin ƙashi." Sai ta ture faifan waken, ta dube ni, fuskarta ta canza. Ta ce, "Amma Agali ya gaya mini abin da bai faɗa a gabanka ba. Falmata kwana bakwai ba ta fita ba. Ta ƙi cin abinci har sai da ɗiyanta suka yi mata faɗa. Daga ranar da ka wuce har ranar da Agali ya sake komawa, tana kukan matar da ba ta taɓa gani ba. Kai ka taɓa tunanin wannan?"

Uwata, ban taɓa ba. Shekara ashirin da bakwai ina jin haushin an daina ba ni sautu, ina ba da labarin ta'aziyya a majalisa ana dariya, ban taɓa tuna cewa akwai wadda ta yi kukan gaske a ɗaya bakin hanyar ba.

Gwaggo ta ce, "Can bashin haƙurinka yake, ba nan ba. In ta yafe, geron baɗi kai za ka je kasuwa ka zaɓo mini. In ba ta yafe ba, ka ci gaba da kawo bargo."

Saboda haka ga nawa, na ɗora miki a kan na Gwaggo. Bayan kin miƙa gero, kin sha ruwa, an gama gaisuwa, ki gyara durƙuso ki ce mata ke ɗiyar direban nan ce. Ki faɗa mata duka, har shayin, kada ki gyara mini. Ki ce ya tsufa, ba ya iya hanya, da ya zo da kansa. Ki ce yana roƙonta gafarar kwana bakwai ɗin nan da duk waɗanda suka biyo baya. Abin da ta ce, ki kawo mini shi yadda ta faɗa, ko mai daɗi ko marar daɗi. Kuma don Allah kada ki jira bakansi, ki ba direban da ya kawo miki takardar ga, ina nan bakin tasha ranar da zai dawo.

Innarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe kai da safe. Ki gaishe da abokan aikinki da mai gidan da aka sauke ki. Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutum da na rana, ya ba ki haƙuri da mutane, ya ba su haƙuri da ke. Allah ya sa ki iske Ya Falmata da rai da lafiya, ya sanyaya zuciyarta a kaina. Ya dawo mini da ke gida lafiya.

Wassalam.

Babanki,
Alhusseini
Agadas